RANAR DAMINA BA TA DA RAMUWA

  

Yau zancenmu a kan kwanaki ne, watau kwanakin aiki waɗanda su kan salwanta mutum bai kai hannu ga sana'arsa ba. Abu uku ne su kan jawo haka: yajin aiki, da ciwo, da rauni a wurin aiki. Ina so in nuna muku wanda ya fi cinku a cikinsu, da lokacin da ya fi ci, sa'an nan in faɗi dabarar rage ɓarnar.

KWANAKIN DA A KE ƘIDAYAWA

Mu fara da wanda kowa ya kan ji labarinsa. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe da na gidan waya da waɗansu ma'aikatu na Gwamnati suka ajiye aiki a Nijeriya, domin kaya sun yi tsada a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, albashi kuwa bai motsa ba. Michael Imoudu na reluwe shi ne ya yi suna a cikin shugabanninsu. Aka yi fiye da kwana 40 ana wannan yaji. A watan Yuni na 1964 kuma aka sake yin wani babba, ya ɗauki wajen mako biyu, shi ma a kan albashi.

Irin waɗannan kwanaki akwai masu lissafinsu, lissafin kuwa ba shi da wuya. In mutum 1,000 suka ƙi aiki kwana 10, sai akawu ya rubuta an yi asarar kwana 10,000. Jaridu su buga, rediyo ya faɗa, manya su zauna a sasanta. Har wa yau, in ma'aikaci ya yi ciwo ya kan kai takardar likita ofis, albashinsa ya ci gaba da tafiya. In rauni ya ji a bakin aiki, akwai dokar diyyar ma'aikata da aka kafa a 2010 wadda ta tsaya masa.

To, amma ku lura da watan da aka yi yaje-yajen nan biyu: Yuni. A daidai makonnin nan kakanninmu suna duƙe a gona, ana shuka ana noman farko, kuma a kowane ƙauye akwai waɗanda kurkunu ya kwantar, da waɗanda zazzaɓi ya kayar. Manomi ba ya yaji, gama ba shi da wanda zai yi wa. Ba shi da takardar likita da zai kai wa ciyawa. Ba shi da akawu, in ba rumbu ba. Rumbu kuwa ba ya kuskuren lissafi: kowace rana da ka rasa a damina, za ka ganta a cikinsa da rani.

ABIN DA YA SA RANAR DAMINA TA KE DA NAUYI

Ƙasarmu ta arewacin Kano ba kamar sauran wurare ba ce. Mutane sun yi yawa, gona ta haɗe da gona, daga wannan ƙauye kana hangen rimin wancan. Babu saura, babu dajin da za a sara. Gonar da uba ya noma ita 'ya'ya su ke rabawa, ana nomanta kowace shekara ba hutu, taki ne kaɗai ya riƙe ta. Wani malamin jami'a, Michael Mortimore, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin karkarar Kano, ya rubuta yadda manoma su ke ɗauko taki daga birni a kan jakuna don ƙasa kada ta gaji. Wanda gonarsa ƙarama ce ba shi da rarar da zai yi asara. In kadada guda ta lalace, ba wata a baya.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Ruwanmu daga Yuni ne zuwa Satumba, wata huɗu in an yi sa'a. A cikin wata huɗun nan za a samo abincin wata goma sha biyu. Aikin kuwa ba a shimfiɗe ya ke daidai ba. A 1966 da 1967 wani malami a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, David Norman, ya bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, ana rubuta awowin da kowane gida ya ke yi a gona. Aka ga aiki ya fi cunkushewa a Yuni da Yuli, lokacin noma, har shi ne ke yanka wa mutum iyakar gonar da zai iya riƙewa. Ba sabon labari ba ne a gare ku. Kun sani in aka yi shuka, mako biyu zuwa uku tilas a shiga noman farko, ba a jima ba maimai ya iso. Wanda ya makara, ciyawa ta sha takin da ya wahala ya kai, gero ya yi ja ya tsumbure, ko ya nome daga baya ba zai koma yadda ya kamata ba.

Saboda haka rana ba ɗaya ba ce da rana. In ka kwanta mako guda a watan Janairu, ka tashi ka ci gaba da gyaran danga, ba abin da ya ɓaci. In ka kwanta mako guda a farkon Yuli, ka ɗebi damma ka zubar. Azumi in ya kuɓuce a kan rama. Bashi a kan biya. Ranar damina ba ta da ramuwa.

Abin baƙin ciki kuwa, a lokacin nan ne cuta ta fi yawa. Ruwan da ya tsirar da gero shi ne ya cika kududdufi, ya ƙyanƙyashe sauro, ya wanko ƙazanta zuwa rijiya, ya fito da maciji daga rami. Ga shi kuma rumbu ya yi ƙasa, ana aiki mai nauyi da abinci kaɗan, jiki ba shi da ƙarfin kokawa da ciwo.

LISSAFIN GIDA GUDA

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a ɗakin shan maganin da na ke aiki. Wani magidanci, shekarunsa wajen hamsin, yana gandu da 'ya'yansa biyu. Rana ta uku da shiga noman farko fartanya ta zame ta sare shi a bayan ƙafa. Ya ɗebi ƙasa ya shafa don jini ya tsaya, ya yagi tsumma ya ɗaure, ya ci gaba da aiki. Ya ce ba zai bar gona saboda ɗan yanka ba. Sai a rana ta tara aka kawo mini shi a bayan babur, ƙafa ta kumbura har ƙauri, tana ruwa, jiki ya yi zafi.

Ku taya ni lissafi. Shi kansa ya yi kwana 24 bai taka gona ba. Babban ɗansa, mai kawo shi wankin ciwo, ya rasa safiya 10, safiya kuwa ita ce aikin damina. Da suka ga ciyawa za ta cinye dawa sai suka ɗauki 'yan ƙwadago, a lokacin da ƙwadago ya fi tsada, aka sayar da akuya biyu a kasuwar Dambatta aka biya su, aka sayi magani da abin da ya rage. Gonar gyaɗa kuwa ba a sami yi mata maimai ba sam. Da a ranar farko ya wanke ciwon da sabulu ya zo, da yini guda zai rasa, ko biyu. Ya yi rowar yini guda, ya biya da wata guda.

Kun ga ashe ciwon mutum ɗaya ba kwanakinsa kaɗai ya ke ci ba. Yana cin na mai jinya, ya ci dabba, ya ci amfanin gona. Haka kuma in uwargida ce ta kwanta: furar gona ba za ta fita ba, surfe da daka su tsaya, ƙuli-ƙulin da ta ke samun na cefane da shi ya tsaya. In yaro ne, uwa ba ta barci, uba kuma ya ajiye fartanya ya nemi abin hawa.

KURKUNU: CUTAR DA AKA KORA

Kada wani ya ce ai haka Allah ya yi damina, ba yadda za a yi. Akwai cutar da ta fi kowace cin kwanakin manomi, yau kuwa babu ita. Ina yaro na ga manya majiya ƙarfi zaune a gindin bishiya da marka, ƙafa a miƙe, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan kaɗan. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba sai a baki.

Ga yadda ya ke. Mutum ya sha ruwan kududdufi wanda ke da waɗansu ƙananan ƙwari masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Ta yi wajen shekara guda tana girma a jikinsa bai sani ba, har ta kai tsawon yadi ɗaya. Da damina ta kewayo sai ta huda fata ta fito, yawanci a ƙafa, da zafi kamar wuta. Ya tsoma ƙafar a kududdufi don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta a ruwa, na baɗi ya samu. Mai kurkunu ya kan yi wata biyu ko fiye ba ya moruwa. Saboda haka a ƙasar Mali a ke kiransa cutar rumbu wofi.

Da aka bi ƙauyukan Nijeriya aka ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 da kurkunu, ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya tsaya a kan yaƙin, daga baya Janar Yakubu Gowon ya shiga yana bin ƙauyuka da kansa. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a ƙasan nan a Jihar Enugu aka same shi, a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. A 2024 waɗanda suka yi kurkunu a duniya duka ba su kai 20 ba.

Abin da na ke so ku riƙe shi ne, kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka kore shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo shiga kududdufi. Watau mutanen ƙauye ne suka kore shi da hannunsu, da suka gane hanyarsa. Abin da aka yi wa kurkunu, ana iya yin irinsa ga sauran ɓarayin kwanaki.

ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Wannan shi ne babban ɓarawo yanzu. Cikin kowane mutum huɗu da ke kamuwa da shi a duniya, ɗaya ɗan Nijeriya ne. Kuma a nan maƙwabtanmu aka yi masa wani bincike da likitocin duniya su ke karantawa har yau. Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka zauna a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Suka kama sauro suka ƙidaya, suka duba jinin mutane. A wani ƙauye aka ga mutum guda ya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta har sau 145 a shekara, 132 daga ciki a damina. Kun ji inda ɓarnar ta taru. Aka yi feshi a ɗakuna a 1972 da 1973, aka raba ƙwayoyi a waɗansu ƙauyuka, zazzaɓi ya ragu ƙwarai. Da aka daina, ya komo. Darasin shi ne, sauro ba a yi masa yaƙin shekara guda a huta. Kamar ciyawa ya ke, kowace damina sai an nome shi.

Ga abin da za ku yi.

Na ɗaya, gidan sauro mai magani. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare ya ke cizo. A rataya, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, kowane dare, ko a ɗaki ko a tsakar gida. In sabo ne a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga. In ya yage a ɗinke. Na sha ganin gidan sauro an kewaye lambun tumatir da shi, ko an rufe 'yan tsaki, mai gidan kuwa yana kwance yana rawar ɗari. Maigida, kada ka ce na mata da yara ne. In kai ka kwanta, wa zai yi maimai?

Na biyu, maganin rigakafin yara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 magani sau ɗaya kowane wata a damina, a ƙasashe irin namu. Ma'aikata su kan bi gida gida wata huɗu, daga Yuli zuwa Oktoba. Su za su ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ya ke. A cika shi. Mai ciki kuma ta je awo, akwai nata.

Na uku, in zazzaɓi ya zo kada a kwana biyu ana jira. Gwajin jini na ɗan yatsa minti 15 ne zuwa 20. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, saboda haka a gwada tukuna. In shi ne, maganin yanzu na kwana uku ne, safe da yamma, a sha bayan an ci abinci. Kulorakwin da iyayenmu suka sani ya daina kashe cutar, tun wajen 2005 Gwamnati ta sauya shi. Kuma kada don ka ji sauƙi rana ta biyu ka ɓoye sauran ƙwayoyin don wani karo. Wanda ya yi rabin noma, ciyawa za ta tashi. Yaron da ya ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko ya ke amai da duk abin da ya sha, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi fari, wannan na babban asibiti ne, a ranar, ko da tsakar dare.

AMAI DA GUDAWA

Shi ma ɗan damina ne. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Kano na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Hanyarsa ɗaya ce: bayan gida ya sami hanyar shiga ruwan sha ko abinci. A yi wa rijiya baki da murfi, guga ya sami maratayi kada a yar da shi a ƙasa, masai ya yi nisa da rijiya, a wanke hannu da sabulu bayan an kewaya da kuma kafin cin abinci. In za ka gona tafi da ruwanka daga gida, kada ƙishirwa ta kai ka kududdufi.

Abin da ke kashe mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a gida. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ledar ruwa biyu, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a dama, a yi ta ba shi kurɓi kurɓi ana kan hanyar asibiti.

RAUNI A GONA

A kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ni da na ke wanke raunukan nan, na ga yawancinsu ganganci ne da gaggawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa cikin kowane mutum uku da hatsarin wurin aiki ya kashe a duniya, ɗaya ma'aikacin gona ne. Ashe noma ba sana'a ce marar hatsari ba.

Yanka da sara. Kafin damina a duba ƙotar fartanya da ta garma da ta gatari, wadda ta yi kwal-kwal a sake ta. A sa takalmi. In an yanke, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a rufe, a zo. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Dalili kuwa, ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, gonakinmu kuwa da taki su ke rayuwa. In ta shiga rauni, bayan kwana 3 zuwa mako 3 sai muƙamuƙi ya ƙage, wuya da baya su sandare, da yawa ba su tashi. Akwai allurar rigakafinta. Mata su kan samu a wurin awon ciki, yara a rigakafinsu, amma magidanta da samari, waɗanda su ne ke taka ƙaya da ƙusa, su ne ba su da ita. Ku zo da rani ku karɓa, ma'aikaci zai gaya muku ranar komowa.

Maciji. Ya fi sara lokacin shara da noma, da kuma kaka sa'ad da a ke ɗaga dami da tarin kara. Kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba, fara tona wurin da sanda. Da dare riƙe tocila. In ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, gama ɗaurin nan ya sa an yanke ƙafafu da yawa. A cire zobe da agogo, a kwantar da shi, a ɗora gaɓar a jikin itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa ya ke yi: mutum ya ga kamar ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu dasashi ya fara jini. Allurar kashe dafi ita ce maganinsa, ita ce a ke yi wa dubban mutane kowace shekara a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe. In kuwa irin mai tofi ne ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take.

Maganin feshi. Yau kusan kowane gida yana feshin ciyawa ko na wake. Guba ce, ta fata ma tana shiga. A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, a rufe hanci da baki. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayanka. In bakin famfo ya toshe kada ka busa da bakinka. Kada ka ci goro ko ka sha fura sai ka wanke hannu. In ka gama yi wanka, a wanke kayan dabam. Galan ɗin da ya ƙare a huda shi a binne, kada a zuba masa ruwa ko mai. Kada a aiki yaro feshi.

Inji. Injin casa da na niƙa ba su san mai su ba. Babbar riga da mayafi da rawani ba su shiga kusa da bel. In ya cushe a kashe shi tukuna, kana a sa hannu. Yatsa ba ya tsirowa.

IN ASIBITI TA SHIGA YAJI

Yanzu mu koma kan yajin aiki, gama akwai irin wanda ya ke taɓa manomi kai tsaye. A 2014 likitocin asibitocin Gwamnati sun ajiye aiki daga 1 ga Yuli har wajen ƙarshen Agusta. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa suka yi nasu daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba. Duka biyu a tsakiyar damina. Ni ma'aikacin lafiya ne, na san abin da ke kai ma'aikaci ga yaji, na kuma san wanda ke shan wuyarsa, ba kuwa nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ya shafe ku shi ne, ciwon da za a gama da shi a kwana uku, in ba a sami mai dubawa ba ya kan zama na mako uku.

Saboda haka in kun ji a rediyo ana yaji, ku saurara da kyau ku ji ko su wane ne. Sau da yawa manyan asibitocin birni ne abin ya shafa, ƙaramar asibitin gundumarku tana buɗe. Ku tambaya kafin ku biya kuɗin mota. Kada kuma yaji ya tura ku wurin mai allura a kasuwa. Amma babbar kariya ita ce a rage bukatar asibitin tun daga gida.

KAFIN RUWAN FARKO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane manomi ya san da bazara a ke kai taki, a kai fartanya maƙera, a tanadi iri. To, jikin da zai riƙe fartanyar fa? Ga abin da na ke roƙon kowane maigida ya yi kafin ruwa ya sauka:

1. A fito da gidajen sauro, a ɗinke, a ɗaura igiyoyinsu.
2. Duk mai shiga gona ya karɓi allurar sarƙe-haƙora, ya sami takalmi.
3. A gyara bakin rijiya da masai, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya kusa da gida.
4. A ajiye sabulu, da tsumma mai tsabta, da ƙunshin gishiri da sukari a wuri guda da kowa ya sani.
5. Mai tsohon ciwo, kamar gwaiwa, ko haƙori, ko gyambo, ko fitsarin jini, ya zo a duba shi da rani, sa'ad da kwanciya ba ta da tsada.
6. A ware ɗan kuɗi ko ɗan akuya a ce wannan na lafiya ne, don kada a tsaya neman rance mai ciwo yana kwance.
7. A bar hatsi na musamman domin watan marka, masu noma su ci su ƙoshi.
8. A san mai babur ko mai mota da za a tasa da dare, a riƙe lambar wayarsa.

Ga masu unguwa da dagatai kuma ina da roƙo. Iyayenmu suna da gayya: in mutum ya kwanta da damina, samari su taru da safe guda su nome masa gona. Wannan ita ce diyyar manomi tun kafin a rubuta doka. Inda ta mutu a tashe ta, gama wanda ka nome wa bana shi zai nome maka baɗi.

Jama'a, iyakar maganata ke nan ta yau. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa a dandali. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar nomanta. Sai wani mako.